Ranar da Baba ya sa aka kwance wa kwamfuta igiya

Akwai ranakun da in aka tambaye ni ko da me na karya kumallo a cikinsu ba zan iya faɗa ba, amma akwai wata Asabar guda da ba na jin ko tsufa zai iya goge ta daga raina. Ita ce ranar da muka tafi Ikeja ni da mahaifina sayen kwamfutar da zan yi digiri na biyu da ita. Shekaru sun shuɗe, na gama karatun, na yi aure har da 'ya'ya, amma har gobe in na tuna wata magana da ta fita daga bakina a wannan rana sai kunya ta lulluɓe ni kamar yanzu na faɗe ta.

A Agege aka haife ni, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere da ke bayan layin dogo. Baba dillalin raguna ne. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu ya zo Legas, ya fara da dakon harawa a kasuwar Alaba Rago, a hankali har ya zama mutumin da in Babbar Sallah ta matso manyan mutane ke aiko direbobinsu su neme shi. Bai taɓa zama a ajin boko ba, amma in ya juya harshe zuwa Yarbanci sai ka rantse a Abekuta aka yanke masa cibiya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki. Inna takan ce tun ina goye a bayanta nake gardama, kuma ban taɓa ƙaryata ta ba, don in na ƙaryata ma gardamar ce.

Ina koyarwa a wata firamare a unguwarmu lokacin da na samu gurbin digiri na biyu a fannin ilimi. A zaman farko malaminmu ya ce kowa ya nemi kwamfuta tasa ta kansa, don bincikenmu na raba takardun tambayoyi ne a makarantu, sannan a zuba amsoshin a wata manhaja ta yi lissafi. Kafin ya rufe baki na ga 'yan ajinmu suna zaro nasu daga jaka, sirara masu ƙyalli, wasu ma da yatsa kawai ake shafa fuskarsu. Ni kaɗai ce a layinmu da littafi da biro. Na sunkuyar da kai na yi ta rubutu kamar wadda ta fi kowa himma, alhali ba abin da nake rubutawa sai kwanan wata da sunan darasi.

Da farko tablet na so, wannan mai kama da allo. Ba ta da nauyi, za ta shige jakar hannuna ba wanda zai san ina ɗauke da wani abu, kuma zan iya karatu da ita a cikin danfo, motar hayar Legas, in an shiga cunkoso. Sati biyu na yi ina bin hotuna da bayanai a waya har idona ya fara ruwa. Da na nuna wa Inna hoton sai ta juya wayar ta sake juyawa, ta ce, "Wannan farantin za a yi digiri da shi?" Na yi mata dogon bayani, ta ce Allah ya ba da sa'a. Ashe ita ce da gaskiya. Da na tambayi malaminmu, ya ce manhajar lissafin ba ta hawa tablet, kuma in tuna cewa kundin da zan rubuta ya fi shafi ɗari, ba da shafa gilashi ake rubuta wannan ba. Dole na haƙura na koma kan laftof.

Na samu takarda na rubuta abu uku da nake nema: ƙarfin injin, girman ma'ajiya, da rashin nauyi. Akwai na huɗu da ban rubuta ba, kuma a gaskiya shi ne na farko a zuciyata. So nake ta zama siririya mai ruwan azurfa, irin wadda in na zaro ta a aji ba wanda zai tuna daga bayan layin dogo na fito. Abin da bai zo mini a rai ba ko sau ɗaya shi ne batir, ni da nake zaune a unguwar da wuta kan yi kwana biyu ba ta leƙo mu ba.

Albashina bai isa ya sayi ko rabin irin wadda nake so ba, kuma ban ce wa Baba komai ba, don na san lokacin kasuwa ba ta buɗe ba. Amma gidan haya ba ya ɓoye magana. Baba yana da wata al'ada: kowace shekara yakan zaɓi ɗan rago guda tun yana ƙarami, ya turke shi a tsakar gida ya yi ta kiwonsa da hannunsa, shi ne na layyarsa. Na wannan shekarar wani farin balami ne, dogo, wanda har maƙwabta ke shigowa kallo. Shi ne abin alfaharin Baba, don a wurinsa dillalin da layyarsa ba ta fi ta kowa a layi ba bai cika dillali ba. Wata Alhamis na dawo daga makaranta na tarar da turke babu rago, sai igiya a ƙasa da ragowar dusa a kwano.

Baba yana zaune a bencinsa. Ya ce, "Uwata, zo nan. Na ji ana neman na'ura."

Na juya ina kallon turken.

Ya ce, "Rago ɗaya ne, kin dai gani. In wadda aka saya ta mutu, babu na biyu da za a kwance. Saboda haka da ni za a je."

Wani zai zaci hawayen godiya na fara yi. Na gode masa, ba zan ce ban gode ba, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan "da ni za a je". Na ce, "Baba, ai ba kara za mu je ba, kasuwar kwamfuta ce." Kara ita ce kasuwar dabbobi, inda ya yi duk rayuwarsa. Ya ce, "Duk inda ake taya abu a sallama, kara ce." Na buɗe baki zan ƙara, Inna ta harare ni daga bakin murhu, na rufe.

Ranar Asabar ya sa farin kaftaninsa na Juma'a da hula zanna, ya shafa turare. Amma wanda ya shekara kusan arba'in a cikin dabbobi, turare ba ya rufe masa wannan ƙanshin duka, kuma ranar ce na fara jin shi a hancina, ni da na tashi a cikinsa. A danfo ya yi ta ba ni darasi yana ɗaga murya saboda ihun kwandasta. Kada in nuna wadda nake so. Kada in riga shi magana. In na ga wadda ta yi mini, in kalli ta kusa da ita. Ina ta cewa to, to, ina duba takardata. Da muka sauka muka shiga kasuwar, mutane suka yi caa a kanmu, wannan na jan hannun riga, wancan na cewa "Alhaji, waya ce? Laftof ce?" Sai na tsinci kaina ina ɗan yin gaba, ina barin tazara tsakanina da shi. Na gaya wa kaina hanya nake buɗe masa.

Shagon da muka shiga wani siriri ne a bene na biyu, janareta na ta ruri a bayansa. Mai shagon Bayarabe ne, dattijo-dattijo, mai fara'a. Kayansa duk tokunbo ne, wato waɗanda aka yi amfani da su a ƙasashen waje aka kawo, ya jera su a dogon tebur kowacce a buɗe tana haske, wayoyin caja sun bi ta bayansu zuwa soket. Akwai wasu 'yan mata biyu a ciki, da ganinsu ɗalibai ne kamar ni, suna cinikin wata. Idona bai ɓata lokaci ba. Ga ta can a tsakiya, siririya, ruwan azurfa, sak wadda nake mafarki. Duk darasin danfo ya bi iska. Na dafa ƙirji na ce, "Wayyo Baba, ga ta nan! Wallahi ita ce!" Na ga murmushin mai shago ya ƙara faɗi, na kuma ji Baba ya yi gyaran murya a bayana.

Na duba bayananta, komai ya yi daidai da takardata. Mai shago ya ce wannan ai wata baturiya ce ta yi amfani da ita, ko wata shida ba ta yi ba. Ni dai har na fara ganin kaina a aji.

Sai Baba ya miƙa hannu ya ɗauke ta. Ya ɗaga ta a tafin hannu yana jinjina nauyinta. Ya kifa ta ya duba cikinta. Ya kai ta hanci ya shinshina. Ya buɗe murfin ya rufe, ya sake buɗewa, yana kasa kunne. Sannan ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya yana dannawa da babban yatsa, daidai yadda na sha ganin yana buɗe bakin rago yana duba haƙora. Ya ajiye ta ya ce, "Wannan ba ta ci ta ƙoshi ba." Ya matsa can ƙarshen tebur ya rungumo wata baƙa mai kauri kamar tubali, ya jinjina ta, fuskarsa ta washe. "Yawwa. Ga mai jiki."

'Yan matan nan suka fara ƙunshe dariya. Ɗaya ta ɗaga wayarta a hankali, na tabbata hotonsa take ɗauka. Mai shago ma ya dara, ya tambaye shi da burokin Turanci ko ya zaci rago ne. Ba da mugunta ya faɗa ba, wasa ne irin na kasuwa, kuma da na yi shiru da Baba ya rama masa da wanda ya fi shi. Amma ni ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na juya wajen mai shago da 'yan matan, na bar burokin da kowa ke yi, na ɗauko Turancin makaranta tsantsa, wanda na tabbata Baba ba zai kama ba. Na ce su yi haƙuri kada su kula shi, tsoho ne, bai yi makaranta ba. Har da ɗan murmushina.

Hausawa suka ce magana zarar bunu ce. Na ga hannun Baba ya tsaya cak a kan baƙar kwamfutar, na ɗan lokaci kaɗan, sannan ya ajiye ta a hankali. Bai kalle ni ba. Na ce a raina bai ji ba, na ma ji daɗin dabarata.

Can sai ya nuna bayan tebur ya ce, "Uwata, wannan igiyar da aka ɗaure su da ita fa?"

Na ce, "Caja ce, Baba. Wuta take ba su."

"A gidanmu akwai wutar?"



Ya ce, "To a kwance wadda kike so ɗin. Ni ban taɓa sayen rago a turke ba. A turke kowane rago lafiyayye ne. Sai an kwance shi ya taka, a nan ake ganin mai ɗingishi."

Bai jira na fassara ba, ya juya ya maimaita wa mai shago da Yarbanci, Yarbancin da ya sa mutumin ya gyara tsayuwa. Mai shago ya nuna masa 'yar alamar batir a ƙasan gilashin, ya ce Alhaji duba, a cike take fal. Baba ya ce ragon da aka ba gishiri aka ɗura wa ruwa da safe ma cikinsa a cike yake fal. A kwance ta, kuma a ba ta aiki, kada a bar ta tana hutawa. Mai shago ya ɗaga kafaɗa, ya zare cajar, ya kunna wani bidiyo ya ƙara hasken. Baba ya ja benci ya zauna, ya laluba aljihu ya fito da goro fari, ya ɓare, ya miƙa wa mai shago ɓari guda.

Ni kuwa ina tsaye na harɗe hannu, raina a ɓace. Ina lissafin yadda za mu ɓata wa mutum lokaci a banza, mu kuma ƙara zama abin dariya. Baba yana ta tauna goronsa a natse, suna hira da mai shago a kan tsadar kayan abinci da ruwan da ya ci hanyar Oshodi, kamar ba abin da ya kawo mu. Bai gama cin ɓarin goron nan ba, bidiyon na tsaka da tafiya, gilashin ya yi baƙi ƙirin. Babu gargaɗi, babu komai. Mai shago ya danna, ya sake dannawa, shiru.

Ban san lokacin da na zauna a gefen bencin ba. Abin da ya zo mini a ido shi ne turken nan da igiya a ƙasa. Da ni kaɗai na zo, da tuni na biya na rungume ta na hau danfo ina murna, sai na isa gida na gane kyan ɗan maciji na saya, abin da ba zai yi mini minti ashirin ba in babu wuta. Kuma babu rago na biyu.

Tsakani da Allah ba zan zalunci mai shagon nan ba. Shi ma jikinsa ya yi sanyi. Ya yi ta rantsuwa cewa a satin nan kayan suka iso, bai taɓa raba su da caja ba tunda ya jera su, kuma na yarda da shi, don da hannunsa ya bi tebur yana zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Oya, Baba, mu ga sauran." Yarinyar da ke ɗaukar hoto ta mayar da wayarta jaka. Ƙawarta, wadda har ta fara ciro kuɗi, ta ce cikin ƙaramar murya ita ma a cire wa tata.

Haka aka jera guda huɗu a gabanmu, kowacce da bidiyonta, muka zuba musu ido. Da aka kira Azahar Baba ya miƙe zai je masallaci, ya ce mini, "Ki tsaya a kansu. Kada a mayar wa kowa igiya." Ya faɗa ne kamar yadda yake faɗa wa masu tsaron garke, kuma na tsaya ɗin, ko ruwa ban je sha ba. Kafin ya dawo biyu sun mutu. Saura baƙar nan tasa mai kauri, da wata mai ruwan toka wadda ban ko kalle ta ba da farko, saboda wani dogon karce da ya ratsa murfinta.

Baba ya dawo ya ga baƙarsa na nan da rai, ya yi murmushi har goron haƙoransa ya bayyana. Ya ce, "Ban gaya miki ba? Mai jiki."

A nan na shiga tsaka mai wuya. Na riga na duba bayanan baƙar, tsohuwa ce ƙwarai, manhajar da malaminmu ya faɗa ba za ta hau kanta ba, ga nauyi, wanda zan riƙa ratayawa daga Agege zuwa makaranta in dawo. Amma da wane bakin zan sake yi masa gardama? Na matsa kusa da shi na rage murya, na yi masa bayani da Hausa, a hankali, yadda ya kamata in yi tun farko. Ya ce in ba shi takardar. Ya riƙe ta yana kallo, ya miƙo mini ya ce in karanta masa. Na karanta, na nuna masa inda baƙar ta gaza da inda mai tokar ta cika. Ya shafa gemu, ya sake jinjina baƙar sau ɗaya kamar mai sallama da ita, ya ture ta gefe.

Ya ce, "Wannan fanninki ne. Ni tafiya na sani, ke kika san ciki. A ɗauko mai karcen."

Daga nan kuma na ga aiki. Kwamfutar da muka riga muka zaɓa, Baba ya bi ta da kushe tun daga karcen murfi har zuwa wani maɓalli da ya ɗan koɗe, ya ce wa mai shago wannan ai sadaka ya kamata a bayar da ita. Mai shago na cewa albarka, Baba na miƙewa kamar zai tafi, ana janyo shi, suna dariya. Da ciniki ya faɗa har jaka aka ba mu gyara. Mai shago ya rako mu bakin bene yana cewa Baba ya koya masa sana'a yau.

A hanyar dawowa ina rungume da jakar a ƙirji, bakina bai huta ba. Ina yaba masa, ina ba shi labarin yadda fuskar 'yan matan nan ta koma. Shi dai "uhm" kawai yake cewa, yana kallon waje ta taga. Na ɗauka gajiya ce. Da muka sauka ya tsaya ya saya wa Inna burodi kamar yadda ya saba, muka tsallaka layin dogo muka shiga gida. Inna ta karɓi jakar ta buɗe, ta shafa karcen ta ce ai ba kyau za a ci ba, Allah ya sa albarka.

Bayan La'asar Baba ya zauna a bencinsa kusa da turken. Na kawo masa ruwa. Ya karɓa ya sha, ya riƙe kofin bai miƙo mini ba.

Ya ce, "Uwata, yau ciniki biyu kika yi, kuma duka kin juya su."

Na ce, "Na sani Baba, na nuna wadda nake so."

"Wannan ƙarami ne, kowa na yi. A kasuwa abin da za ka saya shi ake kushewa. Abin da ka zo da shi daga gida ba a kushe shi a gaban mutane, ko da gurgu ne. Ke kuwa kin yabi na kasuwa, kin kushe na gida."

Na ce, "Baba, me na ce?" Har a lokacin ina fatan wani abu daban yake nufi.

Ya ce, "Shekara nawa ina sayar wa masu manyan motoci raguna? A gabana suke juya harshe zuwa wannan Turancin, su ce wa matansu, rabu da shi, tsoho ne, bai yi makaranta ba. Na san maganar nan kamar yadda na san sunana. Ba ta taɓa yi mini zafi ba, don na san ragonsu za su ja su tafi, ba su san ni ba, ban san su ba." Ya juya kofin a hannunsa. "Yau ne dai na fara jin ta da muryar gida."

Bai ɗaga murya ba, bai ɓata fuska ba. Da zagina ya yi ko ya ɗaga mini hannu, da ya fi mini sauƙi. Sai ma ya ƙara da cewa, "Kuma ba ƙarya kika yi ba. Ban yi ba. Shi ya sa na so ke ki yi har ki gaji."

Na zube a gabansa a kan gwiwoyina, nan kusa da kwanon dusa, ina kuka irin wanda rabona da shi tun ina yarinya. Ina so in ce kunya ce ta sa ni, sai na ga ai wannan ɗin ne laifin, don me zan ji kunyar mutumin da ya kwance ragon layyarsa saboda ni? Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya taɓa kaina ya ce, "Tashi haka nan. Uwa ba ta durƙusa wa ɗanta. Je ki ga ko an kawo wuta ki ba dabbarki ta ci." Inna, wadda ta ji komai daga ƙofar ɗaki, ba ta yi mini magana ba sai washegari da rana. Ita ba ta da saurin yafiyar Baba, kuma ban ga laifinta ba.

Da Sallah ta zo, wani ɗan ƙaramin rago Baba ya samu ya yanka, irin wanda a da ko kallonsa ba zai yi ba. Abokansa na layi ba su raga masa ba. Wani maƙwabcinmu ya leƙo ya ce, "Alhaji, bana kyanwa aka yi layya da ita?" Na ji maganar daga ɗaki, ta soke ni. Baba kuwa dariya ya yi ya ce, "Babban yana ciki, Uwata na kiwonsa. Nan da shekara biyu za ku ci namansa."

Mai karcen nan ita ta kai ni har ƙarshe. Rabin kundina a kan batirinta na rubuta shi, a tsakar gida, ranakun da babu wuta. A aji ba wanda ya taɓa kallonta sau biyu, ni ma kuma na daina kallon na mutane. Ranar da na kawo takardar shaidar gamawa gida, Baba ya karɓa ya jinjina ta a tafin hannu ya ce ba ta da nauyi, amma tunda na ce tana da ciki ya yarda.

Yanzu gwiwa ta hana shi zuwa kara, yana gida a bencinsa. Ni kuma ɗalibai da ƙannen ƙawaye kan zo su tambaye ni wacce za su saya, tablet ko laftof, sabuwa ko tokunbo. Nakan ce su fara tambayar malamansu wace manhaja za su yi aiki da ita, in rubuta musu abin da za su duba a takarda, sannan in ce duk wadda suka zaɓa a kwance mata igiya ta taka a gabansu kafin su biya. Sukan yi dariya su ce a ina na koyi wannan, in ce a wurin wani dillalin raguna, mahaifina ne, kuma nakan faɗa da ƙarfi yadda na kusa zai ji.

Abin da ranar ta koya mini bai tsaya a kan batir ba. Na gane cewa ilimin da zai sa ka ja baya da wanda ya sayar da abin alfaharinsa don ka same shi, to da sauran ɗingishi a tare da shi, komai kyansa a turke. Tun daga ranar, duk inda na shiga, ofis ne ko taro, in zan kushe abu nakan fara tambayar kaina: wannan na kasuwa ne, ko da shi na zo daga gida?